Yatsu Uku Tsakanin Kwalekwale da Ruwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Kwara wajen Yawuri ranar kasuwa, da la'asar sakaliya lokacin da 'yan ƙetare ke haramar komawa gida, ya ga yadda ake lodin kwalekwale. Buhunan shinkafa da na masara ake fara jerawa a ƙasa, a bi su da jarkoki da kwandunan albasa, a kwantar da babur ɗaya ko biyu a kai, a ɗaure awaki a lungu, sannan mutane su hau kowa ya nemi wurin zama a kan kayan. Duk buhun da aka jefa sai jirgin ya ɗan ƙara nutsewa. Sa'ad da yake wayam, gefensa ya fi kamu guda a saman ruwa. Kafin a gama lodi ya dawo taƙi ɗaya. In mai jirgi ya biye wa masu roƙon "saura ni kaɗai, don Allah", sai ka ga abin da ya rage bai wuce faɗin yatsu uku ba. Tsofaffin matuƙa ba kawuna suke ƙirgawa ba. Leƙawa suke yi su dubi ɗan katakon nan da ya saura a waje, shi ke gaya musu ko a tashi ko a sauke wani abu.

Abin lura a nan shi ne, jirgin da ya rage saura yatsu uku lafiyarsa ƙalau. Injinsa na aiki, matuƙinsa ya san hanya, kuma galibin ranaku yana isa gaɓa, mai shi ya ƙirga kuɗin da ya ninka na abokinsa mai taka-tsantsan. Abu ɗaya ne kawai ya canza, wato girman igiyar ruwan da za ta iya kifar da shi. Mai tazarar kamu guda sai iska ta gaske. Mai yatsu uku kuwa, wani jirgin inji ya gifta kusa da shi ya isa, ko ya gogi ɗaya daga kututturan itatuwan da tafkin Kainji ya shanye, ko fasinja uku su karkata gefe guda lokaci ɗaya. Can an jima ruwa zai kwanta kamar ba a yi ba, amma kwanciyarsa ba ta da amfani ga jirgin da ya riga ya tafi ƙasa.

Wannan tazarar nake so ƙannenmu da 'ya'yanmu masu cinikin kirifto da ninki su riƙa dubawa a fuskar wayarsu. Tana nan a rubuce, da ƙananan lambobi a ƙasan allo: farashin da in an kai shi za a share mutum. Ido dai ba can yake zuwa ba, yana kan koren lambar riba.

Ban ga laifinsu ba da suka shiga harkar. Naira da ake canzawa a hukumance wajen 460 a dala ɗaya a watan Mayun 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, don haka wanda ya mayar da ɗan abin hannunsa USDT, kuɗin kirifto mai bin darajar dala, hankali ya yi. Wasu kuma ta ƙofar dangwale suka shigo, zamanin Notcoin da Hamster Kombat a 2024, lokacin da kowace majalisa za ka tarar da yara sun duƙufa suna buga allon waya. Wanda ya samu 'yan daloli ya buɗe asusu a Binance ko Bybit, yana cikin lalube sai ya ci karo da sashen fyucas, inda aka ce da dala 20 ma mutum na iya juya ta 1,000. Ga matashin da ya gama karatu yake zaune ba aiki, wannan magana tana da nauyi.

Ga yadda abin yake. Mai dala 100 ya ja ɗan maɓalli zuwa ninki 20, dandalin ya buɗe masa ciniki na dala 2,000, dala ɗarinsa ta zama jingina. In ya ce farashi zai tashi kuma ya tashi da kashi 5 cikin 100, ya ci dala 100, kuɗinsa ya ninka. In ya sauka da kashi 5, asarar ita ma dala 100 ce, wato jinginar ɗungurungum. Dandalin ba ya jira a kai nan ma, domin ba zai yarda asara ta taɓa aljihunsa ba. Tun ana wajen kashi huɗu da rabi zai rufe cinikin da ƙarfi ya riƙe jinginar. Shi ne abin da 'yan harkar ke kira likwideshan, ko su ce an ƙone musu akawun. Ba mutum ne ke rufewa ba balle a roƙe shi ya ɗaga ƙafa zuwa gobe, na'ura ce. Lissafin tazarar kuma mai sauƙi ne, a raba 100 da yawan ninkin, a rage kaɗan. Ninki 5, kashi 20. Ninki 10, kashi 10. Ninki 50, kashi 2. Ninki 100, bai cika kashi 1 ba. Bitcoin kuwa motsin kashi 2 ko 3 a yini ba labari ba ne a wurinsa, ƙananan kuɗaɗen kirifto ma sun fi shi rawar kai nesa ba kusa ba. Wanda ya hau ninki 50 ya amince ke nan cewa yinin da ba a yi komai ba ya isa ya cinye shi.

Kamfanin BitMEX ne ya fito da irin wannan kwangila marar wa'adi a 2016, da ninki har 100. A 2019 Binance ta kai nata 125. Tun daga nan kasuwar ta sha nuna abin da ke biyo baya, kuma misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na watan Maris 2020. Ranar 12 da 13 ga watan, da tsoron korona ya kama duniya, Bitcoin ya faɗo daga kusan dala 8,000 zuwa ƙasa da 4,000. Bayan wata 13 ya haura 60,000. A ɗauki mutum biyu da suka saya a 7,900, dukansu da yaƙinin zai tashi. Na farko da kuɗinsa ya saya ya ajiye. Ya ga rabin dukiyarsa ya narke a kwana biyu, ya kwana da ciwon kai, amma Bitcoin ɗinsa na nan ba wanda ya taɓa, kuma da shekara ta zagayo ya ninka fiye da sau bakwai. Na biyu ninki 2 kacal ya sa, wanda a wurin 'yan fyucas ko ninki ba a kiransa. An share shi a daren. Hasashensu ɗaya, kuma dukansu sun yi daidai. Ɗaya ya samu damar jira, ɗaya an karɓe masa ita. Abin da ninki ke saye daga hannun mutum ke nan, damar jira. Shi ya sa duk wani ƙoƙari na karanta kyandir ɗin farashi da zana layuka a kan jadawali, ko da ya yi amfani, amsar wata tambaya ce daban. Yana gaya maka inda farashi zai iya zuwa, ba ya gaya maka ramin da zai faɗa a hanya.

A wuri ɗaya kasuwar nan ta fi kogi sharri. A kogi nutsewar jirgi ɗaya ba ta tayar wa na kusa da shi igiya. A nan kuwa, duk wanda aka share, na'ura tana sayar da cinikinsa a kasuwa nan take, ko nawa aka taya. Sayarwar ta ƙara danne farashi, farashin ya iso kan masu ninki 25, a sayar da nasu, ya gangaro kan masu ninki 10, haka har ya cimma mutumin da yake ganin shi mai hankali ne da ninkinsa 3. Haka aka yi daren Juma'a 10 ga Oktoban 2025. Kwana huɗu kafin nan Bitcoin ya kafa tarihi a wajen dala 126,000, kowa ya yi lodi yana jiran ƙari. Wajen ƙarfe goma na dare agogon Najeriya Shugaba Trump ya sanar da ƙarin harajin kashi 100 a kan kayan China. Cikin awa 24, a ƙididdigar shafin CoinGlass, an share cinikin da ya haura dala biliyan 19, na mutum fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari shida, mafi yawansu masu jiran tashin farashi. Bitcoin kansa daga wajen 122,000 ya sauka ƙasa da 110,000, bayan kwana biyu ko uku ya koma wajen 115,000. Wasu ƙananan kuɗaɗen sun rasa fiye da rabin darajarsu cikin mintoci, suka farfaɗo kafin gari ya waye. Mutum ya yi sallar isha'i, ya duba waya ya ga kore, ya sa ta a caji ya kwanta. Da asuba ya ɗauka, jadawalin bai nuna wani tashin hankali ba sai wani dogon siririn layi da ya zura ƙasa ya dawo, asusu kuwa babu ko sisi, sai ɗan saƙon da dandalin ya turo cikin dare.

A daren nan har jinginar kanta ta ci amanar masu ita. USDe, kuɗin da aka ƙera don ya tsaya daidai da dala ɗaya, an sayar da shi wajen santi 65 a Binance na ɗan lokaci. Waɗanda suka jingine shi suka ga tazararsu ta ƙanƙance ba tare da sun taɓa komai ba.

Akwai kuma ruwan da ke tsattsafowa ta tsakanin katako ko da kogi a kwance yake. Dandali na karɓar kuɗin ciniki a kan girman cinikin ne, ba a kan jingina ba. A manyan dandali, wanda ya shiga a farashin kasuwa yana biyan wajen kashi 0.05 cikin 100. Mai dala 100 da ninki 50 cinikinsa na dala 5,000 ne, shiga dala biyu da rabi, fita dala biyu da rabi. Kashi 5 na jarinsa ya tafi ko farashi bai motsa ba. Ya shiga ya fita sau goma a yini, kamar yadda da yawa ke yi, rabin jarin ya tafi a kuɗin ƙofa. Ga kuma kuɗin da ɓangare ɗaya ke biyan ɗayan duk bayan awa 8, wanda galibi masu jiran tashi ne ke biyansa. A kwanakin lumana kashi 0.01 ne, ka ce ba komai ba, amma a kan dala 5,000 ya zama dala ɗaya da rabi kullum, dala 45 a wata, daga cikin dala 100.

To, wanda ya ce shi dai sai ya yi fa? Ni a ganina tun kafin a danna maɓalli ake gama maganar haɗari, kamar yadda matuƙi ke gama tasa tun jirgi na ɗaure. Kuma ba daga riba ake fara lissafi ba, daga asarar da mutum zai iya haɗiyewa ya yi barci ake farawa. Tsofaffin 'yan kasuwar hannun jari sun daɗe da ƙa'idar kada ciniki ɗaya ya ci fiye da kashi 1 ko 2 na uwar kuɗi. Mai dala 500, kashi ɗayansa dala 5 ne. Sai ya duba jadawali ya yanke wurin da in farashi ya kai, ya tabbata hasashensa ya ɓaci, a ce kashi 4 ƙasa da inda ya shiga. Girman cinikin da kashi huɗunsa ya yi daidai da dala 5 shi ne dala 125. Nan ne iyakarsa. A lura da kyau: mai dala 500 da zai yi cinikin dala 125 ba ya buƙatar ninki ko ɗaya. Mafi yawan lokuta in aka yi lissafin da gaskiya, nan yake ƙarewa. Buƙatar ninki tana tasowa ne sa'ad da mutum ya fara daga "nawa nake so in samu yau".

Amfanin ƙa'idar yana fitowa a ranakun rashin sa'a, waɗanda ba ɗan kasuwar da ba ya haɗuwa da su. Wanda ke saka kashi 1 ya faɗi sau goma a jere, dala 500 ɗinsa ta koma wajen 452, yana nan da ƙafarsa. Wanda ke saka kashi 20, bayan faɗuwa goman nan saura masa wajen dala 54. Hawa kuma ya fi gangara wuya. Wanda ya rasa rabin jari sai ya ci riba kashi 100 kafin ya dawo inda ya tashi, wanda ya rasa kashi 90 sai ya ninka ragowar sau goma.

Sauran matakan gajeru ne. A sa sitof-los, umarnin da ke rufe ciniki in asara ta kai iyakar da aka yanka, a sa shi tare da buɗe cinikin, kuma kada a matsar da shi baya in farashi ya tunkaro shi. A san dai cewa a dare irin na Oktoba farashi na iya tsallake shi ya rufe a can ƙasa, don haka ƙaramcin cinikin ne kariya ta gaske. A zaɓi tsarin da ke killace jinginar kowane ciniki ita kaɗai, maimakon wanda ke haɗa dukkan kuɗin asusu ya tsaya wa ciniki ɗaya, domin a na biyun kuskure guda na iya kwashe komai. Wanda ya buɗe ciniki biyar a kuɗaɗe biyar duk yana jiran tashi, ya sani ciniki ɗaya ya yi, don ranar faɗuwa tare suke faɗuwa. Kada kuma a tara dukiya a dandali. FTX na cikin manyan duniya har ta durƙushe a Nuwamban 2022 da wajen dala biliyan 8 na jama'a, mai ita Sam Bankman-Fried yana zaman shekara 25 a kurkuku.

Duk wannan a takarda mai sauƙi ne. Wahalar tana zuwa da ƙarfe ɗaya na dare, bayan an share mutum, zuciya na tafasa, wata murya na ce masa yanzu ne farashi zai juya, ya ƙara kuɗi ya rama. Ya shiga P2P, inda ake saye daga hannun wani, ya sayi wasu dalolin da kuɗin da ba na wannan aka ajiye su ba, ya ɗaga ninkin daga 10 zuwa 40 don ya maido da asarar a tashi ɗaya. A nan ne mafi yawan asusu ke mutuwa, a cinikin ramuwa, ba a faɗuwar farko ba. Garin neman gira a rasa ido. Kada wani ya ce ƙarancin ilimi ne. Su Zhu da Kyle Davies, masu kamfanin Three Arrows Capital na Singafo, ƙwararru ne da suka juya biliyoyin daloli, amma bashi suka yi ta ci suna ƙara lodi. Da kuɗin kirifto na Luna ya rushe a watan Mayun 2022 kasuwa ta bi shi, masu bashi suka nemi ƙarin jingina suka rasa, kafin ƙarshen Yuni kotu ta ba da umarnin a karya kamfanin. Voyager, ɗaya daga waɗanda suka ba su rance, ita ma ta bi su a watan Yuli da ajiyar talakawa a cikinta.

Abin da ya fi damuna shi ne masu koyarwa. Zauren Telegram ko WhatsApp, "oga" yana turo sigina, yana liƙa hoton riba kashi 800. Wannan adadi a kan jingina ake lissafa shi, don haka dala 5 da ninki 100 na iya haifar da shi, kuma hotunan ranakun da aka ƙone ba a liƙa su. Dandali da yawa suna biyan wanda ya kawo musu mutum wani kaso na kuɗin cinikin da mutumin ke biya. Ma'ana, ogan da ka yi rajista ta mahaɗinsa yana ci ne daga yawan shigarka da girman ninkinka, ko ka ci ko ka faɗi. Wanda duk zai karɓi kuɗin koyarwa, a ce ya buɗe tarihin asusunsa na wata shida cur a gani, ribar da asarar.

Ƙasashen da suka daɗe da irin wannan kasuwa sun yi nasu hukuncin. A 2018 hukumar kula da kasuwannin Tarayyar Turai ta duba asusun ƙananan masu cinikin kwangilolin ninki ta tarar kashi 74 zuwa 89 asara suke yi, ta ƙayyade ninkin kirifto a 2 kacal. Birtaniya ta hana sayar wa talakawa irin waɗannan kwangiloli na kirifto tun Janairun 2021. Su kansu FTX da Binance, da matsin lamba ya yi yawa a Yulin 2021, sun sauko da nasu zuwa 20, Binance ga sababbin shiga. A Najeriya dokar zuba jari ta 2025 ta sa kadarorin kirifto a ƙarƙashin hukumar SEC, kuma ina ganin ƙayyade ninki ya kamata ya kasance cikin abubuwan farko da za ta duba. Ta fuskar addini, malamai sun yi saɓani a kan kirifto kansa, amma cinikin jingina da rancen dillali, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta tattauna shi a 2006 ta ce bai halatta ba, saboda ribar da ke cikin kuɗin kwana, da rancen da ke jawo wa mai bayarwa amfani, da sayar da abin da mutum bai mallaka ba. Wanda abin ya dame shi ya kai wa malaminsa cikakken bayanin yadda fyucas ke aiki, ba sunan kirifto kawai ba.

Akwai lodin da bai kamata a hau da shi ba ko da ninki 2 ne: kuɗin adashe, kuɗin makarantar yara, jarin shagon maigida, kuɗin da yaya ya turo daga Saudiyya ko Legas a sai masa fili, da rancen manhajojin waya. Mai irin wannan kuɗi ba ya iya haɗiye asarar dala 5 ya rufe waya, domin ya san ranar da za a tambaye shi tana tafe, kuma tsoron ranar ne ke tura shi ninki 75.

In kuwa an riga an yi, yaro ya ƙone kuɗin wani ya shiga ɓuya, ya daina cin abinci, yana firgita in waya ta yi ƙara, to na gida su lura. Zagi da gori suna ƙara tura shi neman wani rancen ne don ya rufe ramin kafin asiri ya tonu. Yayansa ko kawunsa ya ja shi gefe, a buɗe asusun tare a ga adadin gaskiya, a cire abin da ya saura in akwai, a goge manhajar. Sannan a raka shi wurin mai kuɗin a faɗa masa abin da ya faru, a tsara yadda za a biya shi, ko da dubu goma-goma ne duk wata.